Lomar Tuwo a Akurkin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin daddawar nan ba, yadda ya gauraye da warin jiƙaƙƙen kafet da na takalman roba, ya cika ɗan ɗakin har babu inda mutum zai kai hancinsa. Har yau idan na ji ana kaɗa miyar kuka, sai in ji kamar ƙasa tana lilo a ƙarƙashin ƙafata.

Ɗan ɗakin da nake nufi karaban ne, irin ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya a tafi daji a kwana. Na Alhaji ne, mahaifin Sadik, wanda zan aura. A lokacin an riga an kai gaisuwa gidanmu a Zariya, sa rana kawai ya rage. Alhaji injiniya ne da ya yi ritaya a Birmingham, kuma tun da ya ajiye aiki ya ɗora wa wannan abu son duniya. Matarsa Hajiya kuwa ba ta da sunan da take kiransa da shi sai "akurkin Alhaji", ko a gaban mai shi.

Walida, ƙanwar Sadik, ƙawata ce a jami'a a Manchester, ta hanyarta ma na san yayan nata. Ita ta zo min da maganar. Iyayenta za su yi 'yan kwanaki a yankin tafkuna can arewacin Ingila, Hajiya ta ce a taho da ni, daga can mu wuce Birmingham tare, domin Gwaggo Asabe, ƙanwar Alhaji, ta iso daga Kano tana son ta ga yarinyar da Sadik ya zaɓo. Shi Sadik aikin asibiti ya riƙe shi, ba zai je ba. Na ce to. (A raina tafki nake hange, da hazo a kan duwatsu, da ni zaune a gefe ina rubuta 'yan baitocina. Ban tsaya na tambayi kaina a ina za a riƙa cin abinci ba.)

A hannun kakata na tashi, a cikin birnin Zariya. Da yawa daga abin da ta koya min a filin jirgi na baro su, amma ɗaya ya biyo ni har nan: suruki ba ya ganin muƙamuƙinki yana motsi. Ta sha faɗa min, da alfahari, cewa ta yi shekaru a gidan surukanta ba wanda ya taɓa ganin ta kai loma baki. Na yi digiri, na fara na biyu, na karanta littattafan da ke cewa irin wannan abu ɗaurin kai ne kawai. Duk da haka, ranar da na zauna a gaban Alhaji, na kasa kai loma baki.

Tebur ɗaya ne a karaban ɗin, kaɗan ya ɗara tire, idan aka zauna gwiwa tana gugar gwiwa. A waje kuma yayyafin ƙasar nan ne da ba ya tsayawa, ba ya kuma yin ƙarfi. Ni da Walida a tanti muke kwana, amma ci a teburin nan ne, Alhaji yana fuskantata, yana miƙo min cokali da hannunsa.

"Bismillah, 'yata."

"Na ƙoshi, Abba."

"Me kika ci da kika ƙoshi?"

Sai in sunkuyar da kai in yi murmushi, in kama juya kofin shayi. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ko girkin nawa ne bai yi miki ba?"

"Wallahi ya yi, Umma."

"Ta ƙamshi kika gane?"

Walida, wadda a Birmingham aka haife ta, ba ta ga abin wahala a ciki ba. "Seriously? Abba fa ba ya cizo. Kin ga yadda idonki ya faɗa kuwa?"

Biskit ɗin da na taho da shi a jaka shi ya riƙe ni a tanti, shi ma bai daɗe ba ya ƙare. Ko baiti ɗaya ban rubuta ba. Tumakin da ke kiwo a kan tuddai, waɗanda na zo da niyyar yi wa waƙa, sai na riƙa ganinsu a kan wuta an barbaɗa musu yaji.

Ranar komawa Hajiya ta yi sammako ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka cike da babbar tukunya, domin baƙin da za mu tarar a gida. Ta ɗaure murfin da tsohon ɗankwali, ta tura tukunyar wani lungu a ƙasan karaban. Mota biyu muka yi. Alhaji da Hajiya a gaba suna jan akurki, ni da Walida a ƙaramar motarta muna biye. Alhaji ba ya gudu ko babu kaya, balle da kaya. Manyan motoci suna wuce mu, tsofaffi suna wuce mu. Da muka zo daidai allunan da ke nuna hanyar Manchester na bi su da ido har wuyana ya ƙage. Can Fallowfield akwai ɗakina, akwai burodi a saman firji, babu kuma suruki.

Bayan mun ɗan gota Manchester muka tsaya a wurin hutun matafiya, wanda ake kira sabis. Masu jan karaban ba sa fakin tare da ƙananan motoci, can gefen tireloli ake kai su. Nan muka shimfiɗa darduma muka yi azahar. Da muka sallame Hajiya ta kama hannuna.

"Ki dawo motarmu. Kin bar ni da Alhaji da labaran rediyo. Mu ɗan yi hira kafin mu isa."

Walida ta ce, "Shi ke nan, ni na yi gaba. Wannan tafiyar kunkurun ta ishe ni." Ta kaɗa makulli ta nufi inda ta ajiye motarta. Alhaji ya tafi sayen shayi. Hajiya ta shiga gaban mota ta zauna. Sai na tuna jakata da wayata suna motar Walida.

"Umma, bari in bi ta in karɓo jakata."

"Yi sauri kafin ta tashi."

Na zagaya ta bayan karaban da niyyar bin Walida, Allah ya sani. Amma ƙofar a buɗe take tun da aka ɗauko darduma, ƙamshin nan kuma ya fito ya tare ni a hanya. Na ce loma biyu kawai. Na shiga, na ja ƙofar, na kwance ɗankwalin, na ɓare malmala ɗaya daga leda. Ban nemi kwano ba, ban wanke hannu ba. (Ni ce fa wadda ke yanka tuffa da wuƙa kafin ta ci.) Na gutsuro lomar da ta fi ƙarfin bakina, na tsoma a tukunya, na tura.

A daidai nan na ji takun Alhaji. Ba ya tashi daga ko'ina sai ya zagaya akurkinsa, ya daki taya da ƙafa, ya girgiza ƙarfen da ya haɗa shi da mota. Ban yi tunani ba, sai ganina na yi a cikin ɗan banɗakin karaban, wanda bai fi kabad ba, da sauran malmala a hannu, kumatuna a kumbure. Ya buɗe ƙofa, ya jefa darduma ciki. Tsakanina da shi katako ne siriri kamar kwali. Na ji numfashinsa. Abin da kawai ya rage min shi ne in ce, "Abba, ina ciki." Amma da loma a bakina? A banɗaki? Ya ce bismillahi, ya rufe, na ji makulli ya juya.

Ta bango na jiyo muryarsa yana tambaya, "Ina yarinyar?"

Hajiya ta ce, "Ina jin ta bi Walida. Kunya ce, ƙyale ta, kada mu takura mata."

Sai injin ya tashi.

Wanda bai taɓa zama a cikin karaban ana jan sa ba, kada Allah ya nuna masa. Daga waje abin yana tafiya salin-alin kamar ɗan rago a bayan uwarsa. Daga ciki kuwa kamar an saka ka a gwangwani ana kaɗawa. Kwanar farko da muka sha, tukunyar da na kwance wa murfi ta taho a guje. Na faɗa kanta da ƙirji. Rabin miyar ya hau hijabina, ya gangara cinyata, da sauran ɗuminsa. Kofuna suka fito daga kabad, takalman roba suka bi su. Na zauna daɓas a ƙasa, na rungume tukunyar, na tokare ƙafa da gindin gado. Duk tirelar da ta wuce sai ɗakin ya yi rawa kamar zai ɓalle ya shiga gona. Babu addu'ar da kakata ta koya min da ban karanta ba, har da ta shiga kasuwa. Yunwar da ta kai ni ciki ta ɓace, tashin zuciya ya maye gurbinta. Abin da ya faru tsakanina da bokitin shara ba zan rubuta shi ba.

Da zan so in ce ban sake samun dama ba, amma na samu. Can gaba muka faɗa gosulo, motoci suka tsaya cak, aka kashe injuna. Na lallaɓa na taɓa hannun ƙofar, ashe ta ciki tana buɗewa. Na leƙa. Ga bayan motar Alhaji nan, taku kaɗan, har ina hango farar hularsa a madubi. Na dubi jikina, kore shar tun daga haɓa har gwiwa. Na hasko kaina ina ƙwanƙwasa masa gilas a tsakiyar babbar hanya, Turawa suna kallo ta kowace taga. Na mayar da ƙofar a hankali na rufe. Har dabara na ƙulla: idan mun isa zan sulale in fita, in zagaya, in ce da Walida na taho. (Yadda zan yi da miyar kuwa, wannan dabarata ba ta kai can ba.)

Na zauna ina kallon ruwa yana bin taga ta gefen labule, sararin sama fari fat kamar ba a taɓa yin rana ba. Na yi kuka kaɗan, ba mai sauti ba, kada a ji.

Da hanya ta buɗe sai na lura tuƙin ya canja. Alhajin da ba ya gudu ya fara gudu. Ashe a cikin gosulon ne Hajiya ta kira Walida ta ce a ba ta 'yarta su gaisa, Walida ta ce, "Wace 'yar? Ba tana wajenku ba?" Suka kira wayata, ta yi ƙara a kujerar bayan Walida. Kowa ya yanke cewa an baro ni a sabis, ba waya, ba jaka. Walida ta juya arewa. Sadik ya bar marasa lafiyarsa a hannun abokin aiki, shi ma ya kama hanya. Alhaji ya ga ya fi kusa da gida, ya ce zai ajiye karaban ya bi bayansu.

Na gane mun shiga Small Heath, unguwar su Alhaji, ta yawan birki da muryoyin mutane. Layin su Alhaji matsattse ne, gidaje manne da juna, motoci a kowane gefe. Muka tsaya. Ƙofar mota ta buɗe, na ji muryar Hajiya, kuma ban taɓa jin ta haka ba.

"Amanar mutane, Asabe! Yarinyar nan ba ta da kowa a ƙasar nan sai mu. Ko abinci ba ta ci ba tun da muka tafi. In wani abu ya same ta me zan ce wa iyayenta?"

Mata suna ta ba ta baki. Ina jin su sarai, ina zaune da tukunya a cinya. Kowace daƙiƙa da ta wuce, fitar tana ƙara nauyi. Har na fara addu'ar su shiga gida.

Wata murya mai kauri, wadda na gane ta Gwaggo ce, ta ce, "A sauke kayan abincin dai kada su lalace. Yaya, ba ni makullin."

Ƙofar ta buɗe, haske ya shigo. Gwaggo Asabe a gaba, a bayanta matan dangi da maƙwabta cikin kwalliya, waɗanda suka taru domin su ga amaryar Sadik. Ni kuwa, da ba abin da ya zo min sai tarbiyyar gida, na gyara zama na durƙusa a cikin miya, tukunyar tana hannuna, na ce, "Ina wuninku. Mun same ku lafiya?"

Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ikon Allah. Mu a Kano lalle muke sa wa amarya. Ku a nan miya kuke sa mata?"

Wata ta fashe da dariya, wata ta toshe baki da gyale. Hajiya ta ture su ta shigo ta rungume ni, da miyar da komai, tana ta hamdala. Da a nan abin ya tsaya, da ya zama labarin da za a riƙa ba jikoki.

Amma ta kafaɗarta na hango Alhaji. Ya zauna a bakin kwalta, dattijo da farar riga. Da aka fito da ni ya ɗago kai.

"Tun daga sabis kina ciki?"

"E, Abba."

"Ina ta gudu da ke a baya. Doka ma ta hana a ja mutum a cikin abin nan. Amma bar ta doka. Da ƙarfen nan ya ɓalle fa? Kin ji ni lokacin da na rufe ƙofa?"

"Na ji, Abba."

"Me ya hana ki magana?"

Na nemi ƙaryar da zan yi, ban samu ba.

"Akwai abinci a bakina."

Wannan karon dariyar ba ta yi nisa ba. Alhaji ya daɗe yana kallona, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi min sauƙi. Ya ce, "'Yata, me muka yi miki da kike tsoronmu haka?"

Aka kai ni sama na yi wanka, aka ba ni doguwar rigar Walida. Aka kawo min tire a ɗaki ni kaɗai, aka ja ƙofa. Ban iya taɓa shi ba. Ta taga ina ganin Alhaji da bokiti yana wanke ƙasan akurkinsa, bai bar kowa ya taya shi ba.

Sadik ya iso gab da magariba, da rigar aiki a jikinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce alhamdulillah da na tsira. Sannan ya shafa fuska ya ce, "Amma ban gane ba. 'Abba, ina ciki.' That's all. Idan gobe wani abu yana cin ki a gidana, haka za ki yi shiru har mu isa inda za mu?"



Washegari na ce ina da aikin makaranta, na hau bas na koma Manchester. Na shige ɗakina a Fallowfield na ja labule. Na ce wa Holly, Baturiyar da muke haya tare, duk wanda ya zo daga Birmingham ta ce ba na nan. Sadik ya yi ta kira. Duk lokacin da sunansa ya fito a waya, kaina nake gani a durƙushe ina gaida mutane, sai in kife ta. Na ce sai kunyar ta ɗan lafa, gobe zan ɗauka. Gobe ta zama mako, mako ya zama wata. Kiran ya ragu, sannan ya tsaya. Daga baya kawunsa ya kira kawuna a Zariya, aka naɗe maganar cikin mutunci, ba wanda ya ɗaga murya. Ya yi aure. Na ji an ce matar tana da kirki, kuma tana da surutu.

Yanzu ina ci a gaban kowa. A bas, a ofis, a gaban farfesa, har in nemi ƙari. Abin da na koya bai da zurfi: idan za ki ji kunya, ki fara tabbatarwa wurin da kike tsaye a kai ba shi da taya. Idan kuma aka zo rufe ƙofa da ke a ciki, ki haɗiye ki yi magana, ko kada ma ki haɗiye.

Shekaru sun wuce kafin na sake haɗuwa da Walida, a wani taron suna a unguwar Ladywood ta Birmingham. Muka tsinci kanmu mu biyu a kicin muna zuba kunu a kofuna. Muka gaisa kamar baƙi, muka ɗan yi dariyar abin da ya wuce. Sai ta ajiye ludayi ta ce, "Kin san Umma ta je wurinki?"

Na ce, "Wurina ina?"

Ashe bayan tafiyata da 'yan kwanaki, Hajiya, wadda ba ta taɓa fita Birmingham ita kaɗai ba, ta hau jirgin ƙasa, ta hau bas, ta yi ta tambaya har ta gano gidanmu. Ba ta gaya wa Alhaji ba, ba ta gaya wa Sadik ba. Haƙuri ta je ba ni. A ganinta laifinta ne, ita da aka yi wa irin tarbiyyata, ta manta, ta zaunar da ni teburi ɗaya da suruki. Ta ƙwanƙwasa, Holly ta buɗe. Ita kuma Holly ba ta iya ƙarya ba. Ta ce mata, "Tana sama. Amma ta ce idan daga Birmingham ne, ba ta nan."